Gwangwanin Clifford

Minti uku da jona tsohuwar kwamfutar da wuta, Clifford ya ji ƙarar nan da ya sani, tas! Sai farin hayaƙi ya fara bulbulowa ta bayanta, mai wari kamar an ƙona takarda da sukari. Ya zare filogi, ya koma ya zauna, don gwiwoyinsa sun daina yarda da doguwar tsayuwa.

"Wa ya ƙona mana abincin rana?" Trevor ya ɗaga murya daga teburin rediyo. Aka yi dariya, aka buɗe tagogi, sanyin Halifax ya shigo zauren cocin da masu gyara suke haɗuwa duk Asabar.

Kowa a zauren ya san wannan wari. Kafasitoci, 'yan ƙananan kayan lantarki da ke bakin shigar wuta a tsofaffin kwamfutoci, in shekaru suka ja, jikinsu tsagewa yake, danshi ya shiga, ranar da aka ba su wuta su fashe. Shi ya sa ba a jona tsohuwar na'ura sai an canja su. Abin da ya dami Clifford shi ne ya riga ya canja su. Da hannunsa ya narka dalma ya dasa guda biyu, ko awa ba a yi ba.

Glenys, shugabar ƙungiyar, ta iso da kofin shayi, ta leƙa cikin akwatin.

"Wanda ka sa yanzu ne ya tashi?"

"Shi ne."

"To, yakan faru. Sabo ma wani lokaci da ciwonsa yake fitowa daga kamfani. Sa wani, Cliff, mu wuce wurin."

Ta tafi, shi kuwa ya san sassauci ta yi masa. Tun hunturu take zagaye-zagaye, wai shekara saba'in da shida ba wasa ba, wai teburin shayi na neman mutum. Dokar ƙungiya kuma a fili take: wanda aikinsa na ɓangaren wuta ya dawo da matsala, ya bar teburin gyara. Shi kansa ya kawo dokar. Teburin nan kuwa shi kaɗai ne dalilin da yake aske gemu sau ɗaya a mako.

Ya jawo gwangwanin biskit ɗin da yake ajiye kafasitocinsa. Sauran masu gyara na zamani suke saya, masu launin toka. Nasa ruwan zuma ne, irin na asali sak, masu tara tsofaffin kwamfutoci har daga Leeds suke zuwa saboda su. Ya kwaso su ne ranar da aka rufe shagon gyaran talabijin da ya yi wa aiki, ko ledarsu ba a yage ba. Sababbi dal, haka yake gaya wa kowa, haka kuma yake gaya wa kansa.

Ya yage leda ɗaya, ya kai ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Tsaga siririya kamar gashi, daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ɗauki na biyu. Ya ɗauki na biyar. Kai! An rufe shagon nan tun 'yarsa Alison tana rarrafe, yau ga ta da furfura. Ashe a cikin leda ma tsufa suke yi, shi bai taɓa dubawa ba.

Gajiya ta sauko masa har ƙashi, da kunya. Zai iya aron na zamani guda biyu a wurin Trevor, ya rufe gwangwani, ya jefa a bola a hanyar gida, ba mai ji ba mai gani. Sai dai bana kaɗai kwamfuta goma sha ɗaya ya gyara daga gwangwanin nan, kuma suna gidajen mutane.

Ya miƙe da ƙyar, ya je ya ajiye gwangwanin gaban Glenys.

"Ba daga kamfani ba ne. Duba."

Ta sa tabarau, ta juya ɗaya a hannunta.

"Haba, Cliff. Kai da ka koya mana?"

"Ni ɗin. Ba ni littafin sunayen waɗanda muka yi wa gyara."

"Ka san abin da wannan yake nufi?"

"Na sani. Sukari nawa kike sha?"

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙa masa littafin, ya zauna a kujerar kusa da butar shayi, ya buga lambar farko. Wata Misis Sugden ta ɗauka, muryarta cike da murna.

"A'a, Mista Ackroyd! Wallahi aikinka ya yi kyau. Tun safe jikokina suke saman bene suna wasa da ita, ko abinci sun ƙi saukowa su ci."

Clifford ya rufe ido.

"Ki hau ki zare filogin yanzu," ya ce. "Ina kan layi, zan jira."