Shanu Biyu, Duka na Dama

A shekarar da fari ya yi biyu a jere, abu uku ya rage wa Muntaka a ƙauyensu da ke kan hanyar Makoda: garmar shanu, sa guda mai suna Dogo, da kwano goma na irin gyaɗa. Abokin huɗar Dogo ya mutu tun bazara. Irin kuwa matarsa Hure ce ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka, don yara uku masu kwana da kunun dusa ba a bar musu gyaɗa a buɗe.

Shi da maƙwabcinsa Sabo, wanda shi ma sa ɗaya ya rage masa, suka yi magana irin ta mutanen da wuya ta haɗa. In ruwa ya sauka za a haɗa shanun a karkiya ɗaya, ranar farko gonar Muntaka tunda garmar tasa ce, rana ta biyu gonar Sabo.

Sai dai ruwan ya ƙi zuwa, shi kuma Muntaka dama ba shi da gindin zama. Hadari ya haɗu a gabas, ya fita ya duba, iska ta watsa shi, ya dawo ya huce a kan garma. Ya kai wa Tasi'u maƙeri guntun sifirin mota aka ƙera masa sabon haƙorin garma. Ya goge kunnuwanta masu kifa ƙasa da yashi har mutum na ganin fuskarsa. Ya kwance taya ya shafa baƙin mai, ya ɗaura, washegari ya sake kwancewa. Noti ɗaya sai da ya ɗaure shi sau bakwai, kai ka ce notin ne ya riƙe ruwan sama.

"Malam, ƙarfen nan dai ya ji gyara," in ji Hure. "Da ka kai Dogo wajen san Sabo sun san juna."

"Da wane ƙarfin? Dabbar da ke cin kara za a sa ta jan banza? Sa ai sa ne."

Ran wata Laraba bayan la'asar, damina ta riga ta yi nisa a lissafi, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya san wannan lemar ita ce ta gyaɗa, wanda ta wuce shi sai baɗi. Hure ta fasa lakar tulu.

Gari na wayewa suna gona. Aka sa Dogo a dama inda ya saba, jan san Sabo a hagu. Sabo ya riƙe igiya a gaba, Muntaka ya kama garma ya yi bisimilla. Taku uku ba a yi ba jan sa ya karkato yana ture Dogo, yana neman tsallakawa. Sarƙa ta harɗe, haƙori ya fito daga ƙasa.

"Malam Sabo, wai naka a wane gefe yake ja?"

Sabo ya ce, "Dama. Tun yana ɗan maraƙi."

Duk mai huɗa ya san sa da gefensa ake horar da shi, na dama ba ya yarda da hagu sai an sha fama. Wata uku Muntaka yana lallashin ƙarfe, tambaya guda ta gagare shi.

"To sai ka matsa wa naka ya koyi hagu," in ji Muntaka.

"A'a. Ba zan daki dabbar da ke tsaye da ƙyar ba. Gonarka ce, ranarka ce. In da mai koyo, naka ne."

Ran Muntaka ya ɓaci, amma rana ba ta jiran mai fushi. Aka sauya. Dogo ya tirje, ya durƙusa, ya tashi ya ja baya. Muntaka ya yi lallashi, ya yi tsawa, har ya ɗaga bulala a kan san da bai taɓa duka ba. Yana yi yana ɗaga kai yana duban rana, ita kuma tana shanye lemar gonarsa a gabansa. Hure na bakin gona da ƙwaryar iri, ba ta ce ai na faɗa ba, kuma shirun nan ya fi masa ciwo.

Sai da la'asar ta yi sakaliya Dogo ya sallama, ya kama hagu yana tafiya sumul. Amma ƙafafunsa na rawa, dole aka kwance. Kunya tara aka samu, su ma a karkace kamar sawun maciji.

Ranar Alhamis ta wuce ke nan, Juma'a ta Sabo ce, alkawari kuwa kaya ne. Muntaka da kansa ya riƙe garma a gonar Sabo. Shanun suka tafi kamar tare aka haife su, sabon haƙori na yanka ƙasa, kunnuwa na kifa ta dama da hagu, kunyoyi miƙe sambal. Bai taɓa huɗa mai kyan wannan ba, kuma kowace kunya sai da ta sosa masa rai.

Asabar da sassafe suka koma gonarsa. Haƙori ya shiga, ƙasa ta tashi fara tana zubewa, kunya ta ƙi tsayuwa. Ya durƙusa ya tura hannu har wuyan hannu. Babu sanyi. Sabo ya kawar da kai, ya fara kwance karkiya.

A gida ya tarar da Hure ta shuka kunya taran da kwano ɗaya. Sauran tara na cikin tulu, baki a buɗe, yaran na zaune nesa kaɗan suna yi kamar ba su gani ba.

"In sake liƙewa?" ta tambaya.

Ya dubi tulun, ya dubi yaran. "Soya musu."

Ya jingine garmar a jikin rumbu ko ƙasar jikinta bai kakkaɓe ba, ya jawo tabarma ya zauna. Ƙanshin gyaɗa ya cika gidan. Hure tana juya kasko tana satar kallonsa, tana jira ya tashi ya duba gabas, ko ya taɓa wani noti. Har azahar bai motsa ba.