Ƙulli Tara a Igiyar Kawu

Mijin ƙanwata ya ɓata aikin shekara sittin cikin yini guda, da ya gama kuma ya tsaya jiran a yaba masa.

Kawunmu matuƙin jirgin ruwa ne. Abin da ya fi ji da shi wani katako ne da bai wuce tafin hannu ba, an zura masa igiya ta tsakiya, mai ƙulli tara, kowane ƙulli na gari guda. In gaɓa ta ɓace masa a teku, sai ya ciji ƙullin garin da ya nufa, ya miƙa katakon gabansa har igiyar ta ɗame. Idan gindin katakon ya zauna inda ruwa ya haɗu da sama, kansa kuma ya taɓa tauraron arewa, to jirgi ya yi saitin garin. Kowane ƙulli, Kawu ko mahaifinsa ne ya je garin da kansa ya ɗaura shi. Shi ya sa wasu ƙullin suke kurkusa, wasu da tazara.

Da idon Kawu ya mutu, ya ce surukin nan namu zai gaji tuƙin jirgin, ya damƙa masa katakon. Ɗan Kwalisa muke kiransa, mutumin da sai ya goge takalmi kafin ya hau ko da jirgin dakon gawayi ne. Bai tambayi kowa ba. Ya ga igiyar ta yi baƙi da yawu, ya ce ƙazanta ce, ya yanke ta ya jefa a murhu. Ya sayo sabuwa fara fes, ya jera ƙulli tara da tazara ɗaya, kamar maɓallan riga.

Da safe ya kawo wa Kawu a ƙofar ɗaki, gaban ma'aikatan jirgin, yana ta fara'a. Kawu ya bi igiyar da yatsa har ƙarshe, ya sake dawowa.

"Wannan ƙullin na wane gari ne?" in ji Kawu.

"Ai gyara su na yi, Baba. Da duk a karkace suke."

"Madalla. Su garuruwan ma ka je ka gyara musu zama?"

Ma'aikata suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ƙanwata ta durƙusa tana roƙo, wai a sake ɗaura su yadda suke. Kawu ya tambaye ta da wane idon zai sake awon.

A ranar aka ba wani tsohon ma'aikaci tuƙin, aka sauke Ɗan Kwalisa daga jirgin. Yanzu dakon buhuna yake yi a bakin ruwa.