Ƙwayoyin da Mal-sun Ba Ta Sha Ba

Kowa a tsibirinmu ya san abin da ke tsakanin Go Mal-sun da Pyo Deok-man. Lokacin da Pyo yake tallan magani a tashar jiragen ruwa, shi ya sayar wa mijin Mal-sun wasu ƙwayoyi, ya ce masa in yana shan su ba ya buƙatar maganin zuciyar da aka ba shi a asibiti. Mutumin ya yarda. Kafin kaka ya yanke jiki ya faɗi cikin kwalekwalensa yana jan koma. Pyo ko gaisuwar mutuwa bai zo ba.

Shekaru suka shuɗe, Pyo ya zama mai kamfani a Seoul, babban birnin ƙasarmu. Sai ya turo wata mai binciken abinci, Dakta Yeom, ta gwada sabuwar ƙwayarsa ta ƙarfin ƙashi a kan tsofaffin matanmu. Mun ɗauka Mal-sun za ta kore ta da tsintsiya. Sai ga shi ita ce ta fara ba da sunanta a gwajin.

"Ke Mal-sun, tsufa ya taɓa miki kai ne?" in ji ƙawarta Bu Chun-ja.

"Ki dai ba da naki. Da yamma ki biyo gidana."

Yeom yarinya ce mai haƙuri. Gida-gida take bi da ɗan sikelinta, ta auna shinkafa, ta auna miyar ganyen teku da busassun ƙananan kifi, har kimchi, wato kabeji mai tsami, da ya rage a kwano. Kullum sai ta tambaya, "Iya, kin sha ƙwayarki?"

"Na sha, 'yata," in ji Mal-sun.

Babu wadda ta sha. Mal-sun ta riga ta zagaya matan ɗaya bayan ɗaya, suna kawo mata ƙwayoyin tana zubawa a tulun da take jiƙa waken soya.

Bayan shekara biyu aka auna ƙasusuwansu, aka ga sun fi na tsofaffin birni ƙwari. Dama matan da suka tashi kan kifi da ganyen teku haka suke. Pyo ya zo da kansa, da 'yan jarida, aka kafa rumfa a bakin ruwa. Yana cikin yabon maganinsa sai ga Mal-sun da Chun-ja sun rungumo tulu. Suka kifar da shi a gabansa. Fararen ƙwayoyi suka rufe masa takalma, wasu suka gangara cikin teku.

"Ga kayanka, Deok-man, ko ɗaya ba mu taɓa ba," in ji Mal-sun. "Mijina ne kaɗai ya taɓa shan maganinka a gidanmu. Ka tuna shi?"

'Yan jarida suka yi ta ɗaukar hoton Pyo. Shaguna suka mayar masa da kayansa, kamfanin bai kai bazara ba.

Amma aikin Yeom ma ya tafi a banza, aka sallame ta. Ranar da za ta hau jirgi ta tsaya a ƙofar Mal-sun.

"Iya, ni me na yi miki? Kullum kina duban idona kina yi mini ƙarya."

"Ba ki yi mini komai ba, 'yata. Kin dai faɗo tsakanina da Pyo ne kawai."

Daga baya Mal-sun ta aika mata busasshen kifi har Seoul. Aka dawo da shi ko kwance ɗaurin ba a yi ba. Ta dafa abinta, ta kira Chun-ja suka ci.