Juma'ar Attaher

"Kai ne Nomau?" in ji tsohon, yana riƙe da hannunsa ya ƙi saki.

Nomau ya ce shi ne. Kwana biyu ke nan da binne Attaher, rumfar makoki a ƙofar gidansa da ke Akokan ta cika da mutanen garinsu Dannet, raƙuma biyu na durƙushe a gindin katanga kusa da wata tsohuwar mota. Tsohon nan Rhissa ne, wan mamacin, makiyayi, wanda ba a ganin komai nasa sai idanu tsakanin rawani da amawali. Ya ja Nomau bayan motar, inda ba mai ji.

"An ce kai ne abokinsa. To ina tambaya. Ƙanena, kowane Juma'a bayan masallaci, ina yake tafiya?"

Nomau ya dubi tayar mota kamar a jikinta aka rubuta amsar.

"Tun da aka rufe ramin haƙar ma'adini, sau uku na zo in kai shi gida," in ji Rhissa. "Ya ce shi yana da Juma'a a nan. Matarsa Mina ya ce sai magariba yake komo, ya wanke jiki da sabulu sau biyu, ya zauna yana dariya shi kaɗai. Shekara huɗu, Mina bai tambaya ba. Malam Nomau, in mace ne, ka faɗa. In akwai yaro, ka faɗa. Ba mu barin jininmu a waje."

"Wallahi Yaya, ban san mi za ni ce maka ba."

A duk amsoshin duniya babu wadda ta kai wannan muni, kuma Nomau ya gane haka tun kafin ya rufe baki. Rhissa ya gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar wanda ya ji abin da yake tsoro, ya sake hannunsa ya koma rumfa.

Gaskiyar maganar kuwa, kifi ne. Nomau mutumin Tabalak ne, a bakin tafki ya yi wayo, kuma shekara ashirin da biyu da ya yi yana shiga ƙarƙashin ƙasa tare da Attaher ba su cire masa ƙwaɗayin ƙugiya ba. Da aka rufe ramin Akokan ya kama garka, ya gina kwamin siminti na ban ruwa, ya je gida ya dawo da 'ya'yan tarwada a jarka, yana rungume da ita a cikin mota kamar jariri. A garin da ko kaɗan ba a san kogi ba, mutum ya zauna bakin kwami da sanda da zare yana kamun kifin da shi ya zuba da hannunsa. Masu garka suka yi dariya har suka gaji.

Attaher ma dariyar ya zo yi. Mutanensu ba sa cin kifi, ko warinsa ba sa so, shi kuwa da ya leƙa kwamin sai da ya ja amawali ya rufe hanci. Amma ya zauna ya dafa shayi. Juma'a ta uku ya ce a ba shi sandar ya ga abin da ke haukatar da Bahaushe. Zaren ya motsa, ya fizga, wata 'yar tarwada ta faɗo masa a cinya, dattijo mai jikoki ya yi tsalle ya kifar da butar shayi. Daga ranar bai ƙara fashi ba. Bai taɓa taɓa kifi da hannu ba, Nomau ke cire masa ƙugiya ya mayar da shi ruwa. Ya kuma sa Nomau ya yi alkawari. "In mutanen Dannet suka ji, sai yara su yi mini waƙa. Ka riƙe bakinka har kabari."

Kabarin wa yake nufi, nasa ko na Nomau? Wannan ce tambayar da ta biyo Nomau har gida.

"Baban Siddiƙa, abinci ya huce," in ji matarsa Zakiyya. Ita ta san komai, don ita ke wanke masa riguna masu ƙarni.

"Cewa suke yana da wata mata."

"Attaher? Mutumin da ko mai tallan nono bai iya dubawa?" Ta ajiye ludayi. "To ka gaya musu mana."

"Na yi mai alkawali."

"Ka yi wa mai rai alkawari don kada ya ji kunya. Yanzu wa ke jin kunyar? Jiya na shiga wurin Mina, ko ruwa ba ta sha. Na ɗauka duk mutuwar ce."

Nomau ya ture kwanon abincin gefe. Shi tun ranar Litinin kansa bai dawo daidai ba. Ana cewa Attaher ya sunkuya zai kwance akuya bayan la'asar, bai ɗago ba, shi ke nan. Ba ciwo, ba tari, ba kwanciya. Nomau ya bi gawa, ya zuba ƙasa da hannunsa, amma har yanzu in babur ya tsaya a ƙofar gida sai ya miƙe ya nemi takalmi, kamar Attaher ne ya zo ɗaukarsa. Kuma akwai wani abin da ko Zakiyya bai gaya wa ba.

Juma'ar ƙarshe, Attaher ya kama babbar tarwadar kwamin, wadda suke kira Shef saboda gashin bakinta irin na wani shugaban aikinsu na da. Shekara biyu tana cinye musu tsutsa tana barin ƙugiya. Da Nomau zai mayar da ita, Attaher ya tare shi. "A'a. Sa shi daban. Akwai wanda zan nuna wa." Nomau ya tambaye shi wa, ya yi dariya kawai ya zuba shayi na uku. A lokacin Nomau bai damu ba. Yanzu da Rhissa ya yi maganarsa, sai kalmar ta tsaya masa a rai. Wane ne wannan wanda za a nuna wa? Juma'a ɗaya ya sani a cikin kwana bakwai na mutumin. Sauran shidan fa? Ya ji haushin kansa da wannan tunani, ya yi istigfari, tunanin ya dawo.

Ranar Juma'a aka sallame daga masallaci, ƙafafunsa suka kai shi garka ba tare da sun yi shawara da shi ba. Sai da ya ɗauko sanduna biyu daga cikin zogale sannan ya tuna. Ya tsaya da su a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta biyun. Shef na nan a rabin ganga ƙarƙashin inuwa, baƙa wuluk, tana juyi a ruwan da ya fara kore. Ci dai ba zai iya cin ta ba, ba tasa ba ce. Mayar da ita kwami kuma, ai an ce ya ajiye. Ya zauna a kan bulo ya daɗe yana kallonta.

"Kai ka ja mini wanga abu," ya ce da bulon da ke gefensa, wanda Attaher ya saba zama a kai. "Ka tahi ba sallama, ka bar ni da kihi da rantsuwa. To ka gahwarta mini."

Ya juye Shef a bokiti, ya rufe da faifai, ya ɗauka ya nufi gidan Attaher. Tafiyar da ba ta kai rabin awa ba ta zame masa doguwa, ruwa na fantsalo masa a wando, sau biyu yana juyawa zai koma.

Mutane sun ragu a rumfa. Ya ce da Rhissa yana son magana da shi da Mina tare. Aka shigar da shi tsakar gida, inda aka rataya tabarma a ƙofar ɗakin da take takaba. Rhissa ya zauna a kan yashi, ya dubi bokitin.

"Mene a ciki?"

Kafin Nomau ya buɗe baki, Shef ta bugi bokitin da wutsiya, faifan ya yi sama. Rhissa ya ja da baya da sauri irin wanda ba a zato ga mai shekarunsa. Ya leƙa, ya rufe hanci, ya sake leƙawa.

"Wagga ita ce Juma'ar Attaher," in ji Nomau. "Kihi muke kamu a garkata, ni da shi. Shekara huɗu. Ba mace, ba ɗiya, ni dai iyakar sanina. Bai taɓa ci ba, Allah shaida. Kunyarku yake ji, ya ce in riƙe bakina. Wagga shi ya kama ta da kansa."

"Ƙanena?" in ji Rhissa. "Wannan abu? Don wannan ya ƙi zuwa gida?" Ya faɗi wata magana da yarensu na Tamajaq, ya girgiza kai, ya sake faɗinta. Nomau bai gane ko zagi ba ne ko godiya ga Allah.

Sai muryar Mina ta fito daga bayan tabarma, a dushe.

"Malam Nomau, garkarka akwai laka?"

"Akwai, wajen kwami."

"Ranar Lahadi ya ce mini Juma'a in sa tsohon takalmi, zai kai ni wani wuri. Na ce ina? Ya ce sai na gani. Ni na zaci wurin wata matar da ya ajiye zai kai ni, mu gaisa. Ban yi barci ba. Ranar Litinin ban yi masa magana ba, ko shayinsa ban kawo ba."

Rhissa ya sunkuyar da kai yana zane a yashi da ɗan yatsa.

Gefen tabarmar ya ɗaga kaɗan. Hannu ya fito, siriri, da shunin mayafi a yatsu, ya lalubi marikin bokitin ya ja shi ciki a hankali, yana barin sawu a yashi. Tabarmar ta koma.

Suka zauna su biyu, ba mai duban wani. Sannan tarwadar ta sake bugun ruwa, wani sauti ya biyo baya daga ɗakin, ƙasa-ƙasa, yana yankewa yana dawowa. Nomau ya kasa kunne iyakar iyawarsa, bai iya rabe ko dariya take ko kuka ba. Ruwan da ya zube ya silalo ta ƙarƙashin tabarma, ya nufo ƙafafunsu, yashi na shanye shi tun bai iso ba.