Yadda Alhaji Deribe Ya Koma Kan Dutse

Alhaji Deribe mutumin Bama ne, amma duk wanda ya saba shiga layin masu kayan gini a kasuwar Jimeta ya san shagonsa. Shekarar da aka ci garinsu ya fito da matarsa Mairam da 'ya'yansu biyu a ƙafa, suka faɗa Mubi. Ba su gama huce gajiya ba Mubi ma ta faɗi, suka sake bin daji har Allah ya kawo su Yola. A unguwar Yolde Pate ya samu ɗaki, ya fara tallan ƙusa a faranti, a hankali har ya kai ga kwanon rufi da fenti.

Ranar da bam ya tashi a kasuwa yana can nesa kaɗan, ko ƙwarzane bai yi ba. Sai dai tun daga ranar kunnensa na hagu ya ɗauki wata siririyar ƙara wadda ba ta tsayawa. Likitoci sun duba sun ce kunnen lafiya lau. Ya zauna da ita shekara da shekaru, cikin hayaniyar keke napep da janareto da masu kiran ciniki, har ya zama mutum mai yawan shiru. Da Mairam ta rasu, shirun ya ƙaru. 'Yarsa Khairat ta yi aure tana koyarwa a wata firamare, ɗansa Usama kuma ya iya shago fiye da shi.

Akwai wani dattijo Kirista mai suna Zadok, mutumin wajen Ganye, yana zaune a Mbamba, a gefen Yola, yana kiwon zuma. Wajen Deribe yake sayen ƙusar haɗa akwatunan zumarsa, daga nan suka saba. Wata rana Zadok ya dube shi ya ce, "Alhaji, fuskanka ya gaji da kasuwa. Ina da zuma a kan dutsen Alantika, zan je dubawa. Ka zo ka sha iska."

Deribe ya bi shi ne don kada ya gwale shi. Mota ta kai su inda hanya ta ƙare, babur ya kai su wani ƙauye a gindin dutsen, daga nan sai ƙafa. Ya hau yana haki yana nadamar zuwa. Amma da suka kai wani shimfiɗaɗɗen fa a can sama ya zauna, sai ya ga duniya ta buɗe a gabansa ba iyaka, dutse bayan dutse, na kusa baƙi, na nesa shuɗi, na can ƙarshe har ba ka rarrabe shi da sama. Ya saurara. Ƙarar kunnensa tana nan, amma yanzu ga kukan gyare, ga iska a cikin ciyawa, ga ruwa yana ɗiga a wani wuri da bai gani ba, sai ta zama ɗaya kawai daga cikinsu. Ya daɗe bai motsa ba. Da Zadok ya dawo daga wajen zumarsa, Deribe ya ce, "Mutum zai iya zama a nan?"

"Kwana nawa?"

"Zama nake nufi."

Zadok ya yi dariya, ya ga abokinsa ba ya dariya, sai ya daina. "Zai iya," in ji shi. "Amma ba wannan mutumin da ya hau yau ba. Sai ka canza shi."

Canza shin ne ya ci masa rani guda. Ya damƙa wa Usama shago. Ya daina hawa keke napep, duk inda za shi a ƙafa yake zuwa, wani lokaci da jarkar ruwa a kafaɗa, mutane suna kallonsa suna cewa Alhaji ya samu karayar arziki. Ya rage shayi, ya bar sukari. Kullum da hantsi yana gonar Zadok a Mbamba yana koyon abin da tun yana yaro rabonsa da shi: yankan ciyawa, saƙa yanta, ɗaurin jinka, tukar igiya daga ɓawon itace. Hannunsa da ya saba da makulli da waya ya yi bororo, ya fashe, ya warke, ya yi kanta. Ya koyi tada wuta da ƙyastu, ya koyi rarrabe doyar daji da ake ci da wadda ke kisa, ya koyi sawun kura da na gwaggon biri, da yadda ake ɗaga dutse ta gefen da ba ya fuskantarka saboda abin da ke kwance a ƙarƙashi. Har wani haƙori da ke ɗan taɓa shi jefi-jefi ya je aka cire, don Zadok ya ce ciwon haƙori ya sauko da mazaje daga dutse fiye da damisa.

Sai ya fara tara kaya a ɗakinsa: gishiri, kanwa, irin dawa da wake da kuɓewa, gatari, adda, lauje, fartanya, tukunyar ƙarfe, allura da zare, tamfol, magunguna. A nan ne magana ta tashi. Mutumin Borno yana tara gishiri da magani da tamfol, yana cewa daji za shi, a garin da bai manta da ƙarar bam ba. Wata safiya 'yan banga suka yi masa sallama, suka ce Jauro, wato mai unguwa, yana son ganinsa.

A zauren Jauro ya tarar da Modibbo Badamasi, malamin da yake bin salla a bayansa tun zuwansa Yola. Jauro ya yi masa tambayoyi ba tare da tsawa ba: wa zai gani a can, wa ya aike shi, wa zai kai wa kayan. Deribe ya amsa ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗanda kuke tsoro su suka kore ni daga gidan ubana. Su arewa suke. Ni kudu za ni, inda ba kowa."

Jauro ya ce zai aika wa takwaransa na ƙauyen gindin dutsen, a san da zamansa, a san fuskarsa. Aka rabu a kan haka. Amma Modibbo ya biyo shi waje, ya riƙe hannunsa.

"Ni ban zarge ka da komai ba, Alhaji. Tambaya kawai gare ni. Sallar jam'i fa? In kuma ta Allah ta kasance, wa zai wanke ka?"

Wannan tambayar ta tsaya wa Deribe a rai fiye da ta Jauro. Sai bayan 'yan kwanaki ya koma wajen Modibbo ya ce zai riƙa saukowa ƙauye Juma'ar farkon kowane wata, muddin ƙafa na ɗaukarsa, in an ga bai sauko ba a hau a duba. Modibbo ya ce, "Ban ce ka yi daidai ba. Amma na san waɗanda suka gabace mu da suka nemi kaɗaici, ba mahaukata ba ne. Allah ya sa Shi za ka samu a can."

Khairat ce ba ta yarda ba. Ta zo da yamma daga makaranta, alli a gefen hijabinta, ta tsaya a bakin ɗakin tana kallon buhunan.

"Baba, da ƙafarmu muka fito daga daji. Ni na ga ƙafar Mama ranar da muka shigo garin nan. Yanzu kai da kanka za ka koma?"

"Wancan gudu ne, Khairat."

"Wannan fa?"

Ta share ido ta ce, "To zan bi ka in ga wurin. In na ga ramin da za ka mutu ne, wallahi tare za mu sauko." Mijinta ya amince, Deribe ma bai musa ba.

Suka tashi a ƙarshen bazara, lokacin da zafin Yola ke narka kwalta, shi da ita da Zadok, da jakin da suka samu a ƙauye. Khairat ba ta yi wa uban magana ba tun daga gindin dutsen. Ta hau a gabansu da takalmin roba, ko sau ɗaya ba ta nemi a tsaya ba, har Zadok ya ce, "Alhaji, yarinyan nan ya fi mu ƙarfi."

Bayan azahar suka isa. Ta zaga wurin da idon mai neman aibu: ga fan nan mai faɗi, ga wani kogo marar zurfi a bayansa, ga tsamiya ɗaya da ta tsaga dutse ta fito, ga idon ruwa da bai fi tafin hannu ba, ga 'yar ƙasa baƙa a wani lungu inda zai yi shuka. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai iska ta tsaya cak. Tsuntsaye suka yi tsit. Jakin ya juya ya ba gabas baya.

Deribe ya waiwaya. Daga wajen Kamaru hadari ya taso, baƙi ƙirin, amma ba a samansu yake ba. A ƙasansu yake. Yana tafe cikin kwari yana cika shi kamar yadda Binuwai ke cika gaɓa, yana haɗiye bishiyoyi da ƙananan duwatsu, su kuwa suna tsaye cikin rana. Walƙiya ta keta shi, suka gan ta a ƙarƙashin ƙafafunsu, sannan tsawar ta hauro musu, suka ji ta a tafin ƙafa kafin su ji ta a kunne. Duk tsawon rayuwarsa Deribe ɗaga kai yake yi ya ga hadari. Yau ga shi yana sunkuyawa yana kallon bayansa, fari fat kamar audugar da aka shanya, rana tana kwance a kai. Ya durƙusa ba tare da ya yi niyya ba. Zadok ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Khairat ta matso ta kama gefen rigar ubanta, leɓɓanta suna motsi da tasbihi.

Daga nan hadarin ya hauro ya same su. Suka ja jaki suka shige kogo, ruwa ya sauko kamar an yaye rufin sama. Ƙanshin ƙasa ya cika wurin. Ba a jima ba dutsen da suka hau a bushe ya fara zubar da ruwa ta kowace tsaga, fari, yana faɗawa ƙasa da wani irin ruri, nan ɗaya, can ɗaya, har ido ya kasa ƙirga su. Da aka ɗauke, rana ta dawo ta yamma, komai yana ƙyalli. Ƙwarin shinge suka fito daga ƙasa, dubbai a kan dubbai, fukafukansu suna ɗaukar haske, tsuntsaye kuma suka zo daga ko'ina suna shawagi a cikinsu.

Khairat ta fita ta tsaya a bakin fan, ta daɗe. Da ta dawo muryarta ta yi ƙasa.

"Ban san akwai irin wannan ba, Baba. Ina koya wa yara yadda ruwa ke sauka, ban taɓa gani ba sai yau." Ta dubi kogon, ta dubi buhunan. "Ban yarda ba har yanzu. Amma ba zan ce ka sauko ba." Sai ta ɗauki buhun gishiri ta mai da shi can ciki inda feshi bai kai ba, ta ce a nan ya kamata ya zauna.

Washegari ita da Zadok suka taya shi kafa sandunan bukka, sannan suka kama hanya. Ya tsaya yana kallonsu har hijabinta ya zama ɗigo a cikin kore, ya ɓace. A lokacin ne tsoro ya zo masa, tsoro na gaske, ya ji girman wurin da ƙanƙantarsa a ciki. Ya bar tsoron ya zauna tare da shi har ya yi sauƙi, sannan ya ɗauki lauje ya nufi ciyawa.

Daminar farko ba ta yi masa da daɗi ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, birai suka cinye rabin dawarsa, ruwa ya wanke ƙasar lungun ya gangara da ita. Ya sauko Juma'a a rame, mutanen ƙauye suka ce wannan karon ba zai koma ba, ya koma. Wata rana da kaka yana tsugune yana duban abin da ruwa ya bari, sai ga wata tsohuwa daga mutanen da ke zaune can cikin tsaunukan tun kaka da kakanni, da lofen taba a bakinta da kwando a baya. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Fulatanci, shi kuma ba ya jin nata. Ta dubi gonar, ta dube shi. Ta ajiye kwandon, ta ɗauki dutse ta dasa a bakin gangaren, ta ɗauko wani ta jera kusa da shi, ta nuna masa da hannu yadda layin zai zagaya ya tare ƙasa. Ta zuba masa 'yan tsabar wani iri da bai sani ba a tafin hannu, ta ɗauki kwandonta ta bi ta bayan tsamiya ta wuce.

Deribe ya ƙulle irin a gefen rawaninsa. Ya ɗauko dutse na uku ya jera, ya koma neman na huɗu. Yana can har yanzu, kuma gonar ta kai hawa-hawa har bakin idon ruwa.