Hagun Don Tino

Wuƙar ta riga ta shiga zane na uku kafin Ofelia ta gane abin da kunnenta ke ji. Tana kan tsani tana gyara fitila, ta ɗauka kwali ake yagewa a maƙwabta. Da ta waiwaya sai ga Don Tino tsaye tsakiyar shagonta, sandarsa rataye a hannunsa na dama da ya mutu, hagu riƙe da wuƙar yankan kwali, yana jan ta daga sama har ƙasa, ƙyallen yana ƙara kamar ana yaga sabuwar atamfa.

"Don Tino! Ka haukace ne?"

Ko kallonta bai yi ba. Ya ja ƙafa zuwa na gaba. Ofelia ta diro daga tsanin, ta yi kukan kura ta rungume shi ta baya. Kai, tsohon da ake taimaka wa ya hau dakali, ranar nan ƙarfin ƙato ne a jikinsa. Ya kai mata gwiwar hannu a baki, ta ji gishirin jini. Ta cafki wuƙar, ya fizge, tafin hannunta ya dare.

"Sakar ni, 'yar nan! Nawa ne. Ni na haife su, ni zan kashe su."

"Gobe fa za a buɗe baje kolin! Na gayyaci rabin garin nan!"

"To su zo su kalli bango. Bangon ya fi wannan ƙazantar kyau."

Celestino Lucero ke nan, wanda duk garin Taos ke kira Don Tino. Katangar laka ɗaya ce ta raba ɗakinsa da ɗan shagon baje zane na Ofelia Baca. Lokacin da ta buɗe shagon ba ta da komai sai farin fenti da ƙarfin hali, shi ya fara shigowa da zanensa na dawakai guda biyu a hammata ya ce ta rataya. Tun daga nan ta ga masu zane iri-iri. Akwai mai zuwa da buroshi a aljihu ya gyara gajimare bayan an rataya, akwai mai kuka in an saya, akwai mai zagi in ba a saya ba. Duk ta iya da su. Amma mai wuƙa ba ta taɓa gani ba.

Shekara huɗu ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya yi zaman kusan shekara yana kallon rufi, sannan ya ɗauki buroshi da hagu. Dawakan da suka fito ba irin na dā ba ne. Ƙafafu a karkace, wuya ya yi tsawo, fenti ya zuba inda hannu ya yi rawa. Ofelia kuwa da ta gan su sai da ta nemi kujera ta zauna, don a duk rayuwarsa bai taɓa yin abin da ya kai su ba. Ta yi ta magiya har ya yarda a baje su. Yau ya leƙo ya gan su jere a farin bango ƙarƙashin fitila, shi kuma abin da ya gani gurgu ne tsirara a kasuwa.

Ya ɗaga wuƙar kan wata baƙar goɗiya, sai ya tsaya cak. A gefen zanen, ƙasa kaɗan, akwai ɗan jan ɗigo manne a bango.

A wannan sana'a, in aka manna jan ɗigo an saya ke nan. Zanen ya fita hannun mai shi, ko ƙura ba shi da ikon share masa. Don Tino da bakinsa ya koya wa Ofelia wannan dokar, kuma bai taɓa karya ta ba. Ya sauke hannu, ya kewaye goɗiyar kamar mai kewaye kabari, ya nufi na kusa da ita.

Nan fa dabara ta faɗo wa Ofelia. Ta ruga tebur ta wawuri takardar ɗigon, ta sha gabansa. Manna nan, manna can, jini na bin gwiwar hannunta yana ɗiga a daɓe. Yana jan ƙafa yana huci a bayanta, ita tana gaba da shi da zane ɗaya. Kafin ya kai kusurwa babu wanda ya rage ba ɗigo.

"Me kike yi haka?"

"An saye su. Mantawa na yi ban manna ba."

"Wa ya saya?"

"Wani likita a Dallas. Na tura masa hotunansu, ya bugo waya da safe."

"Duka?"

"Duka."

"Ƙarya kike yi, Ofelia."

"To taɓa kayan mutane mu gani."

Sai ya yi wurgi da wuƙar, ta daki gilashin ƙofa ta tsaga shi. Ya fita bai ce ko sannu da hannunki ba.

Babu wani likita, ai kun sani. Ɗigon goɗiyar ma na bogi ne, irin wanda kowane mai shago ke mannawa kafin buɗewa don masu kuɗi su ga kamar ana rububi. Ofelia ta je aka yi mata ɗinki a hannu, ta dawo ta sauke ukun da aka kashe, ta goge jinin bango. Ko ɗar ba ta ji ba game da ƙaryar. In dai zanen nan za su tsira, da ƙarya goma za ta yi.

Abin da ba ta shirya wa ba shi ne yadda ya shigo washegari da la'asar. Ya yi aski, ya sa baƙar kwat ɗin da ya binne matarsa da ita, da igiyar wuya mai shuɗin dutse. Shago ya cika, ana shan ruwan inabi a ƙananan kofuna ana cin cuku. Ya matso kusa da ita, ya yi ƙasa da murya.

"Likitan nan, wanne ya ce ya fi so?"

"Goɗiyar," ta ce.

"Hmm. Yana da ido." Ya gyara tsayuwa. "Wataƙila dai ban mutu duka ba, ko? Hannun naki fa?"

"Yana nan."

"Ki yi haƙuri, 'yata. Shaiɗan ne."

Tausayinsa ya kama ta har ta kasa kallon fuskarsa.

To, da ta kama bakinta daga nan da shi ke nan. Amma ɗan kasuwa ɗan kasuwa ne. Wata Misis Pruitt, wadda duk shekara take zuwa daga Texas ta kwashi kaya, ta yi ta ƙorafi wai an sayar da komai ba a jira ta ba. Ofelia ta ga ciniki zai fita ƙofa da ƙafarsa, ta kasa daurewa. Ta ja matar gefe ta raɗa mata, "Ki dawo ran Litinin. Kar ki damu da ɗigon nan, babu wanda aka saya." Matar da ba ta san raɗa ba tun da aka haife ta! Kai tsaye ta nufi tsohon da kofinta a hannu.

"Kai ne mai zanen? Ashe ban makara ba, Ofelia ta ce ɗigon duk na ado ne, ko ɗaya ba a saya ba. Gaya mini, wanne zai shiga da jajayen kujeru? Kuma wai da hagu ka yi? Allah sarki, ka yi ƙoƙari!"

Don Tino ya juyo a hankali.

"Ofelia. Likitan Dallas fa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Har goɗiyar?"

Ta kau da fuska, nan ya gane. Ya ɗaga sanda ya sauke ta kan teburin kofuna, gilashi ya tarwatse, jan ruwa ya fantsama har rufi. Mata suka saka ihu. Ya kifar da teburin da ƙafarsa mai lafiya, ya finciko zane daga bango ya buga shi da ƙasa, ya soka masa sanda har ta ɓulla.

"Kin mai da ni biri! Kin sa mini kwat kin kawo ni a yi mini Allah sarki!"

Wani mai sassaƙa cikin mutanen Ofelia ya riƙe shi, tsohon ya kai masa karo ya fasa masa hanci. Sai maza biyu suka taru suka kai shi ƙasa, kan fasassun kofuna, ɗaya ya danne masa baya da gwiwa. Yana zagi, yana cizo, yana harbi da ƙafa ɗaya.

"Ku ɗaga shi! Ku ɗaga shi na ce, tsoho ne!" Ofelia tana dukan bayan mutumin da hannunta mai ɗinki har bandejin ya jiƙe.

Da suka ɗaga, ya riga ya daina zagi. Bakinsa ya karkace, idonsa a buɗe, miyau na zuba kan kwat ɗin.

A asibiti suka ce ciwon shanyewar jikin ne ya sake buge shi, wannan karon babu gyara. 'Yarsa Ramona ta zo daga Denver ta dawo da shi gida, don ya sha faɗa cewa ba zai mutu a ɗakin da ke warin magani ba. Ofelia ta dafa miyar koren barkono ta kai. Ramona ta buɗe ƙofa, ta kalli tukunyar, ta kalle ta, ta ɗauke ta da mari.

"Ke kika kashe mini uba. Saboda ciniki."

"Ba saboda ciniki ba ne, Ramona."

"Ɓace mini da gani."

Ofelia ta koma shago ta kulle. Ba ta amsa wayar Misis Pruitt ba, ba ta amsa ta kowa ba. Tana zaune sai ta fara jin bugu a katangar da ta raba su. Dum. A jima, dum. Ba ƙarfi, amma ba ya tsayawa. Da safe haka, da rana haka. Limamin coci ya zo ya shafa masa man addu'a ya tafi, bugun bai daina ba.

Ranar Laraba da hantsi Ramona ta ƙwanƙwasa gilashin da ya tsage. Idonta ya kumbura.

"Ba ya magana, ba ya ci. Bangonki kawai yake duka, gaɓoɓin yatsunsa duk sun sale. Ke kika san shi. Me yake so?"

Ofelia ta san abin da yake so tun bugun farko. Ta kalli dawakan da suka rage, ta ji kamar a ce mata ta yanka 'ya'yan da ta yi reno. Haushinsa ya kama ta, wannan tsoho mai taurin kai da ba ya ganin abin da hannunsa ya yi. Amma nasa ne, kuma ta riga ta yi masa fashi sau ɗaya. Ta ɗauki wuƙar daga aljihun tebur.

"Taya ni ɗauka," ta ce.

Suka jera su a jikin bangon ɗakinsa. Ya zama ɗan mitsitsi cikin bargo, ido kaɗai ke da rai, sai hagun nan a kan ƙirji. Ofelia ta durƙusa kusa da kunnensa.

"Don Tino, ni ce maƙaryaciyar. Ga kayanka na kawo, babu mai su sai kai. Zan ɗaga maka ɗaya-ɗaya. In ka ɗaga yatsa, in yanka. In ba ka ɗaga ba, in ajiye. Ka ji?"

Ta ɗaga na farko. Ko daƙiƙa bai ɗauka ba, yatsan ya tashi. Ta jingina zanen da gado, ta soka wuƙar, ta ja. Ƙarar ta cika ɗakin, Ramona ta toshe kunne.

"Wannan fa, dubi hasken da ke bayansa, don Allah ka duba da kyau," in ji Ofelia a na biyu. Yatsan ya tashi. Ta yanka.

"Mugun tsoho," ta ce tana kuka. "Allah ya isa tsakanina da kai."

Gefen bakinsa mai rai ya ɗan motsa, wataƙila dariya ce. Haka suka yi ta yi. Ta ɗaga, ya ɗaga, ta yanka. Ɗinkin hannunta ya ɓalle, ba ta tsaya ba. Goɗiyar ma bai bar ta ba. Tsummoki suka taru a gindin gado har suna rufe mata takalmi.

Na ƙarshe shi ne ƙarami a cikinsu, wani tsohon doki fari tsaye cikin dusar ƙanƙara, ya ɗage ƙafa ɗaya. Ta ɗaga shi daidai fuskarsa. Idonsa ya sauka a kai ya tsaya. Ta jira. Yatsan bai tashi ba.

"Don Tino? A bar wannan?"

Ta leƙo ta gefen zanen. Idon yana kan dokin har yanzu, amma bargon ya daina motsi.

Ramona ta zo ta sa kunne a ƙirjinsa, ta daɗe, sannan ta shafa masa ido ta rufe.

"Ya gani kuwa?" Ofelia ta tambaya. "Ramona, barinsa ya yi, ko ya riga ya tafi?"

"Ban sani ba."

"Ke kina kallonsa ai!"

"Na ce miki ban sani ba, Ofelia."

Ramona ta zauna bakin gado ta fara tofa addu'a a hankali. A waje wata mota ta wuce, kare ya yi haushi ya gaji. Ofelia tana nan tsaye cikin tsummokin, ta ɗaga farin dokin da hannu biyu a gaban rufaffun idanun, ba ta sauke ba.