Sunan Farfesa a Gaba

Abrafi Tweneboah ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan na'ura ɗaya, mai auna ciwon shawara a jikin jarirai ta saman fata ba tare da an huda ƙafar jariri an ɗebi jini ba. Irin waɗanda muke da su a da rikicewa suke a kan baƙar fata, tata kuwa ba ta rikicewa. Ɗakin gwaji ɗaya muke da ita a jami'armu ta Kumasi, don haka da idona na ga wahalar da ta sha.

Da za ta aika sakamakon binciken ga mujalla, sai ta sa sunan Farfesa Bempong a gaba, nata a baya. Shi ne ubangidanta tun tana ɗaliba, kuma a sashenmu yaro ba ya shiga gaban babba.

Na ce, "'Yar'uwa, kanki ɗaya kuwa? Mutumin nan ko waya ɗaya bai jona ba."

Ta ce, "Ke dai Dansoa, bakinki ba linzami. Shi ya ɗauko ni. Da wane ido zan dube shi?"

To, ɗaukar gwaji aka yi mata a aikin koyarwa, kuma kwamitin tabbatar da malamai sunan da ke gaba a takardar bincike kaɗai yake ƙirgawa. Shugaban kwamitin kuwa Farfesa Bempong ne da kansa. Ya gyara zaman tabarau ya ce mata, "'Yata, doka ce, ba ni na kafa ta ba. Ba ki da binciken da kika jagoranta." Aka ce ta tattara nata-ya-nata a ƙarshen zango. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ranar da take zuba littattafanta a kwali, sai ga shi ya shigo da fara'arsa.

Ya ce, "An gayyace ni taro a Jamus kan na'urarmu. Zo ki nuna min yadda ake saita ta, kada in ji kunya a gaban mutane."

Na buɗe baki ke nan, ta taka min ƙafa. Ta ajiye kwalin, ta jawo masa kujera, ta miƙa masa bayan hannunta ya gwada a kai. Ya danna wancan maɓalli, ya danna wannan, duk ba su ba ne. Da ya samu daidai, ya dankara mata na'urar har ta bar shaida a fatarta.

Ta ce a hankali, "Kada ka danne da ƙarfi, Farfesa. Jarirai za a sa wa."